Takardun maganin da ba mu saya ba

A ɗakin Inna akwai wani tsohon gwangwanin madara da take aje allura da zare da ’yan canjinta, to a cikinsa na iske takardun ranar da na shiga neman maɓalli. Guda huɗu ne, an ninke su ƙanana-ƙanana, duk rubutun likita, ɗaya ma ta fara yagewa ta wajen ninkin. Na ce Inna waɗanga fa? Ta ce "mai da su inda kag gane su." Sai daga baya ƙanwata ta gaya mani gaskiya, ashe sau huɗu tana raka ta asibiti ba da sanina ba, su yanki kati, su ga likita, a rubuta magani, su tsaya kemis su tambayi kuɗɗi, da an faɗa sai Inna ta ce to mun gode, ta ninke takarda ta ƙulle a bakin mayafi su dawo gida. Kuma ta hana a gaya mani saboda ta san halin da nake ciki.

Ni tela ne, ina da ɗan shago kusa da Tsohuwar Kasuwa, gidanmu kuma Mabera. Duk wanda ya san ɗinki ya san sana'ar lokaci ce, azumi da gabanin babbar salla ba ka ko barci, in salla ta wuce kuma sai ka yini kana kallon keke. Ba albashi, ba inshora. A 2022 na ji a rediyo Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, ta koma NHIA, har dokar ta ce inshorar lafiya ta zama dole ga kowa, amma mu a layinmu na masu ɗinki har lokacin kallon abin ma'aikatan gwamnati muke mata. Ga shi tun da anka cire tallafin mai a 2023 magani ya yi tashin da ba a magana, abin da kake saye da canjin aljihu ya koma sai ka yi shawara da kanka.

Inna ta daɗe tana kukan ciwon kai ta wajen ƙeya, da jiri in ta tashi daga salla, da dare kuma ta fita fitsari sau huɗu sau biyar, ga ƙishirwa kullum buta na kusa da ita. Mu duka munka ɗora abin a kan tsufa da zafin Sakkwato. In gwiwa ta matsa mata sai ta aiki yaro kemis a haɗo mata na ɗari biyu, ta sha ta ji dama-dama, gobe a sake.

Labarin wurin a masallacin unguwa na ji shi, liman ya sanar bayan isha'i cewa akwai wasu likitoci da nas-nas da ke duba marasa ƙarfi kyauta duk ranar Asabar a wata makarantar islamiyya, ’yan kasuwa da masu hali ne ke haɗa kuɗɗin magani, su kuma likitocin ba a biyansu ko sisi. Gaskiya ban ɗauki maganar da nauyi ba da farko, don mun sha ganin irin na kwana ɗaya, a kafa rumfa a rataya hotuna a raba farasitamol, yamma na yi a kwashe kujeru shi ke nan sai wata shekara. Mai shayin bakin layinmu ne ya ce a'a wannan daban ne, shi watansa biyar yana zuwa, ya zaro kati daga aljihu ya nuna mani, an rubuta kwanan wata biyar a jere da awon jininsa na kowane zuwa. Wannan katin shi ya sa na yarda.

Shawo kan Inna ya fi komai wuya. Ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana, ba ta ma cika kallona ido cikin ido ba in muna magana. Da na kawo zancen sai ta juya fuska ta ce "kai wanga, ba ni zuwa a ce gidanga an kasa." Wallahi maganar ta daki zuciyata, don na gane ba kanta take karewa ba, ni take rufa wa asiri. Sai da na je na ɗauko Gwaggo daga Gidan Igwai, sunka shige ɗaki sunka daɗe, ban san me ta gaya mata ba, ta dai fito ta ce mani ka nemo napep ranar Asabar da asuba. Mai shayi ya riga ya ja mani kunne cewa kar ta karya kumallo saboda gwajin suga, ruwa kawai, kuma mu kwashi duk wani magani da take sha mu tafi da shi ko da fankon ne. Na zuba komai a leda, na haɗa da takardun nan huɗu ba tare da ta sani ba.

Lokacin hunturu ne, sanyin nan mai shiga ƙashi. Muna sallame asuba munka fita, ni da ita da ƙanwata, ina ganin mun yi sammako amma muna isa munka iske takalma da duwatsu jere a bakin get, kowa ya aje abin da ke riƙe masa layi ya koma jikin bango ya dunƙule cikin bargo. Maza gefe mata gefe. Na ɗauka ’yan cikin gari ne kawai, ashe har daga Kware da Wamakko da Bodinga da Dange akwai, wani dattijo da munka zauna tare ya ce shi mutumin wajen Sabon Birni ne, ’yan bindiga sunka tashe su, yanzu wani kango suke zaune da iyalinsa, ƙafarsa ta kumbura ta yi suntum ya naɗe ta da tsumma. Wajen ƙarfe bakwai wani saurayi ya fito da ’yan kwalaye masu lamba yana bi yana miƙawa, mu munka samu 47. Da lambobin sunka ƙare akwai mutane da yawa a baya, ya tsaya yana ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya yana rubuta sunayensu don su zama na farko sati mai zuwa, amma kafin su tafi sai da wata nas ta zagaya ta dube su da ido, ta ciro wata mai tsohon ciki da wani yaro da ke numfashi sama-sama ta shige da su.

Tebur na farko na rajista ne, cikin aji, an ture bencinan yara gefe, allo ma da sauran rubutun darasin jiya. Tun daga ƙofa hannuna na cikin aljihu a kan ’yan kuɗɗin da na ranto, don raina bai yarda ba, ina jiran inda za a ce kawo na kati. Yarinyar da ke rubutu ta tambayi suna, unguwa, sana'ar mai kula da ita, mutum nawa yake ciyarwa, da ko akwai wanda ke da katin inshora a gidan. Ta yi bayani cewa masu inshora ana tura su asibitin da sunka yi rajista ne don maganin nan ya ishi waɗanda ba su da ko'ina. Wanda ba shi da katin shaida kuma ba a korarsa, shaidar mai unguwa ko liman ta isa. Da anka zo shekaru sai Inna ta yi shiru, ita ba ta san lissafin boko ba. Yarinyar ba ta ƙosa ba, ta ce Inna me kike tunawa na da can? Ta ce ita dai ta san tana famfarar haƙori shekarar da anka kashe Sardauna, tana tuna kukan da matan gidansu sunka yi. Yarinyar ta lissafa daga 1966 ta rubuta 65. Ta miƙo kati mai ruwan ɗorawa ta ce ku wuce aji na gaba. Na tsaya jim, ta ɗago ta ce "Malam an gama, ba a biyan komai." Sai lokacin na fiddo hannuna.

Aji na biyu nas biyu ne, ɗaya na awon nauyi da zafin jiki, ɗaya na awon jini. Ta ɗaura wa Inna abin a damtse ya kumbura ya sace, na ga ta kalli lambar ta sake kallon Inna, ta ce ta zauna ta huta minti goma kar ta yi magana a sake. Na farko 178 bisa 104, na biyu 172 bisa 100. Ni ban san ma'anarsu ba sai da ta ce daga 140 bisa 90 ake cewa mutum na da hawan jini. Sannan ta soki yatsa ta ɗiga jinin a wani ɗan tsinke ta sa cikin na'ura, ya nuna 11 da ’yan kai, ta ce wanda bai ci komai ba tun dare in ya kai 7 to ana zargin suga, za a sake wani gwajin don a tabbatar amma da irin alamomin da Inna ta faɗa abin a fili yake. Ta ja jan biro a saman katin ta ce mu biyo ta. Wasu a layi sunka fara gunaguni, lamba 47 ta wuce su, ban ga laifinsu ba don tun duhu suke nan, ita kuma ta juyo ta ce ku yi haƙuri iyayena, lamba ta shigo da ku amma awo ne ke cewa wa zai fara ganin likita, in naku ya nuna haka ku ma za a wuce da ku. Wurin ya yi tsit.

Likitan matashi ne, ba zai girme ni ba, daga baya na ji cewa Litinin zuwa Juma'a yana aiki a babban asibiti, Asabar ɗin da ya kamata ya huta ita yake kawowa nan. Ya tashi ya gyara mata kujera, ya gaishe ta yadda ake gaida uwa, ina kwana Inna, ya sanyi, ya jikin, sai da ta saki jiki kafin ya fara tambaya. Na miƙa masa ledar. Ya zazzage a kan tebur yana warewa, ya ɗauki wasu ƙwayoyi ya ce wannan diclofenac ne, wannan ibuprofen, tun yaushe take sha? Ƙanwata ta ce ya fi shekara, kusan kullum. Ya ce su ne ke kashe mata ciwon gwiwa amma suna ƙara hawan jini, suna cin ciki, suna kuma wahalar da ƙoda, ga mai suga abin ya zama biyu. Daga yau a daina haɗi.

Sai ya kai hannu kan takardun. Inna ta gan su ta kalle ni, karo na farko da ta kalle ni kai tsaye a ranar, na sunkuyar da kai. Ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya a hankali don kar su yage, ya jera su bisa kwanan wata, ta farkon ta kusa shekara biyu. Ya ce likitan da ya rubuta wagga ya gano ciwon tun lokacin, maganin da ya rubuta daidai ne, shi ma yau kusan shi zai rubuta. Ni abin da na ji a lokacin ba zai faɗu ba, shekara biyu maganin uwata na ninke cikin gwangwani ina wucewa ta ƙofar ɗakin kullum ina ce mata Allah shi sawwaƙe. Na zaci zai yi faɗa irin wanda aka saba, me ya sa kunka zauna, ba ku san darajar lafiya ba. Bai yi ba. Ya ce "Inna ba ke ɗai ba ce, rabin waɗanda ke zaune waje suna da irin waɗanga takardu gida." Sannan ya juyo gare ni ya nuna mani wani abu da har gobe nake gaya wa mutane, cewa magani na da suna biyu, sunansa na asali da sunan da kamfani ya raɗa masa. A takarda ta biyu sunan kamfani anka rubuta, mai tsada, alhali ainihin maganin amlodipine ne, kuma akwai shi na wasu kamfanoni da sauƙinsa. Ya ce in ka je kemis ka ce akwai irinsa mai sauƙi, ka dai duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Da mun san haka da ko rabin takardar mun saya.

Ya sa ta cire takalmi da safa, ya duƙa ya duba tafin ƙafarta da tsakanin yatsu, yana taɓawa da auduga yana tambaya kin ji, nan fa kin ji? A diddigen hagu akwai kaushi da ya tsage har ya fara ruwa, ita ba ta ma san da shi ba don ba ta jin zafinsa. Ya ce irin wannan ɗan ƙaramin shi ke girma ga mai suga har a kai ga yanke ƙafa, a wanke kullum a busar a shafa mai, kar ta ƙara taka ƙasa ba takalmi ko tsakar gida ne. Ya haska idonta ya ce yana ta fara a na dama amma ba ta kai aiki ba tukuna.

Wajen abinci ne sunka ɗan ja. Ya ce a rage gishiri da dunƙule, suga a koko da shayi da fura a bar shi, lemon kwalba a manta da shi, tuwon shinkafa a rage malmala a ƙara miya da ganye. Inna ta ce "to likita mi za ni ci?" Ya yi dariya ya ce Inna zogale da rama da tafasa da kinka tashi da su, da wake, ba abin da ya fi su, ba sai an sayo wani abu daga kanti ba. Goro ma ya ce a sassauta. Abin da ya fi nanatawa kuma, ya faɗa ya fi sau uku, shi ne hawan jini ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a ce an warke, ana shan maganin ne kullum ko da jiki garau, don shi ba ya sallama, mutum na zaune sai shanyewar ɓarin jiki. Ya ce in ta ga baki ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, ko magana ta sarƙe, kar mu jira Asabar kar mu tsaya tofi kaɗai, mu wuce asibitin koyarwa na UDUTH ko asibitin Specialist a lokacin, ko tsakar dare ne.

Muna jiran magani ne na ga abin da bai bar raina ba. Wata mata daga ƙauye da yaro a goye, bai fi shekara uku ba, ya rame, kuncinsa ɗaya ya kumbura ya yi baƙi-baƙi, bakinsa na wari har inda muke. Tana ta rufe shi da gefen zane. Nas na gani ta kira likita da gudu, ya fito ya duba ya ce cutar noma ce, wadda ke farawa daga dasashi ta ci kunci cikin ’yan kwanaki, yara masu tamowa ta fi kamawa. Nan take anka rubuta takarda anka tare napep, wani daga cikin masu aikin ya biya ya raka ta Asibitin Noma. Matar na ta cewa ba ta da kuɗɗi, ana ce mata can ba a biya. Ni haifaffen garin nan ne, na san asibitin tun da anka buɗe shi a 1999, ina wucewa ta wajen, amma sai ranar na ji cewa likitocin ƙungiyar agaji ta MSF na aiki tare da su tun 2014 kuma har aikin gyaran fuska kyauta ake yi. To in ni da ke cikin gari ban sani ba ina ga wagga baiwar Allah.

Wajen bada magani tagar ofishin hedimasta ce. Na wata ɗaya anka ba mu, amlodipine ɗaya da safe, metformin kuma tare da abinci don kar ya dame ta a ciki. Da mai bada maganin ya ji Inna ba ta karatun boko sai ya zana rana a jikin ambulan ɗaya, ya zana rana da wata a ɗayar, ya sa ta maimaita masa da bakinta har sau biyu. Ya ce in ta ga idon sawu ya ɗan kumbura kar ta daina sha da kanta, ta dawo ta faɗa. Amma gwajin ƙoda da likita ya ce dole a yi ba su da na'urarsa, takarda anka ba mu mu kai wani wuri. A nan ya kamata in faɗi gaskiya don kar wani ya je da zaton da ba shi ba, wurin nan ba ya kwantar da mara lafiya, ba hoto, ba tiyata, ba ƙarin jini. Ajujuwa huɗu ne da mutanen kirki da kwalayen magani.

Tebur na ƙarshe wata dattijuwa ce, tsohuwar ma'aikaciyar lafiya da ta yi ritaya, aikinta kawai ta nuna maka ƙofofin da ba ka san da su ba. Ita ta gaya mani cewa tun 2014 akwai dokar lafiya ta ƙasa da ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗɗin shigar gwamnatin tarayya don lafiya a matakin farko, kuma daga ciki ake yi wa marasa ƙarfi da tsofaffi da masu ciki da ƙananan yara rajistar inshora, a nan jihar hukumar SOCHEMA ke kula da wannan, ta ce in ɗauki NIN ɗin Inna in je asibitin mazaɓarmu in tambaya. Ta ce in abu ya kai ga aiki ko kwanciya akwai Hukumar Zakka da Waƙafi, tana taimakon marasa lafiya masu rauni. Ta ce maganin tarin fuka kyauta ne na wata shida, duk wanda ya yi tari fiye da sati biyu ya je a gwada. Ta rubuta mani su duka a bayan wata takarda. Wani ɗalibin likita da ke taya ta ya ce ai har Amurka da duk arzikinta akwai irin wannan asibitin kyauta fiye da dubu, don mutum sama da miliyan 20 a can ba su da inshora, su ma likitoci ne ke ba da lokacinsu. Na yi mamaki ƙwarai, don ni a zatona wannan wahalar tamu ce mu kaɗai.

Sai wajen azahar munka fito. A napep Inna ta riƙe ambulan biyun da hannu biyu a cinya ba ta ce uffan ba har munka kai gadar sama, sannan ta ce wa ƙanwata, ba ni ba, "yaron nan likita ya san girman mutane, Allah shi yi mashi albarka."

Gwajin ƙoda ni na biya, da kuɗɗin ɗinkin yunifom ɗin wata makaranta, alhamdu lillahi ya nuna ba ta taɓu sosai ba. NIN kuma mun kai, an rubuta sunanta. Wata na biyu jini ya sauko 150 bisa 92, ciwon kai ya tafi, fitsarin dare ya koma sau ɗaya, diddige ya rufe. To nan ne munka yi sakaci, da ta ji sauƙi sai ta daina sha ba ta gaya wa kowa ba, wai tana tattala shi don ranar da ciwon zai dawo, kamar yadda ta saba tattala komai a rayuwarta. Sai da munka koma awo ya tona, ya haura 168. Likita bai ɗaga murya ba, ya sake bayanin daga farko kamar bai taɓa yi ba, ya kuma ce a samu mutum ɗaya a gida da zai riƙa miƙa mata da hannunsa. Yanzu babbar ɗiyata ce ke yi, kafin ta tafi makaranta sai ta ga Inna ta haɗiye.

A wata na huɗu kuma mai bada magani ya ƙirga mana na sati biyu kawai. Ya ce mu yi haƙuri, abin da ya shigo watan nan bai kai ba ga mutane sun ƙaru, gara kowa ya samu rabi da wasu su tafi hannu wofi. Na leƙa ta tagar na ga kwalayen da ke cike ranar farko sun koma ƙasa-ƙasa. Ragowar sati biyun na saya a kemis, na ce a ba ni mai sauƙin yadda anka koya mani, kuma na iya. Amma dattijon nan na Sabon Birni yana bayana a layi, shi ban san da me zai cika nasa ba, kuma abin ya hana ni sukuni har dare. Ciwo irin na Inna ba ranar ƙarewa gare shi ba, su kuma waɗanga mutane da sadaka suke tafiya, wata ta zo da yawa wata ta zo kaɗan, bai kamata a ce lafiyar tsofaffin gari guda ta rataya a kan ko ɗan kasuwa ya yi ciniki ba. Washegari na yi wa ’yan layinmu magana, munka aje asusu a shagon babbanmu, duk Alhamis kowa ya jefa abin da ya samu, ƙarshen wata a fasa a kai musu. Ba wani abin kirki ba ne amma ya sayi ’yan kwalaye. Mutum uku daga layin ma sun je an auna su, biyu an iske jininsu sama, kuma ba wanda ya kai shekara arba'in da biyar a cikinsu.

Likita ya ce kafin azumi mu dawo ya gyara mata lokutan sha, kar mu canza da kanmu, don haka Asabar mai zuwa za mu koma. Akwai maƙwabcinmu mai gyaran kabu-kabu da ya yi wata biyu yana tari yana ramewa, na yi masa magana sau uku yana cewa sanyi ne, na san kuma ba sanyin yake tsoro ba, takardar yake tsoro. Na gaya masa in ma tarin fuka ne maganin ba a saye. Har yanzu bai amsa ba. Na dai ce wa mai napep ya zo biyar da rabi, kuma zan ƙwanƙwasa masa ƙofa kafin mu wuce.